Yadda 'Yan Dubiya Suka Ci Rabin Gwiwata

Shekarun baya, zamanin da masaƙun Kakuri a Kaduna ke aiki ba dare ba rana, har mutum yana kwance a Makera yana jin ƙugin injuna a haƙoransa, aka cire mini gwiwar dama aka sa mini ta ƙarfe. Ina aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan, sashen rini. Ban daɗe da aure ba, ina da ciki da falo a gidan haya, ga babur ɗin da nake ji da shi fiye da wasu dangina. Babur ɗin ne ya kai ni ƙarƙashin motar itace a hanyar Kachiya. Motar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Gwiwata kuwa, likita ya ce da ya buɗe, abin da ya tarar ya fi kama da tsakin masara.

An daɗe ana faci abu ya ƙi. Daga ƙarshe kamfani ya tura ni wani babban asibitin ƙashi a wani gari, aka yi aikin. Da aka nemi jini, abokina ne ya miƙa hannu. Mutumin Kafanchan ne, mazaunin Trikania, injinmu ɗaya da shi tun ranar da aka ɗauke mu aiki. Ku riƙe shi a rai, don ya sha wuya a labarin nan fiye da yadda ya cancanta.

Ranar da za a sallame ni likita ya ja kujera ya zauna kusa da gadona. Ya ce, "Malam, aikina ya ƙare, naka ya fara. Gwiwar nan kullum za ka lanƙwasa ta, kullum za ka taka ta. Za ta yi zafi, za ka tsine mini. Ba komai, ka tsine kana lanƙwasawa. Makonnin nan na farko su ne naka. In ka bar naman ya warke tana miƙe, a miƙe za ta zauna kamar taɓarya, ko ni ba zan iya lallashinta ba."

Na ce na ji. Aka ba ni sandunan dogarawa guda biyu, na dawo Makera da niyyar jarumi.

Na tarar mahaifiyata ta riga ni isowa daga garinmu, da ƙullin kaya kamar mai ƙaura. Ni ne autanta, kuma duk wanda ya san auta ya san ba ya girma. Ina da gemu, ina da mata, ina karɓar albashi, amma a idon Inna jiya aka yaye ni. Tana ganin sandunan ta ɓata rai.

"Auta, wannan fa?"

"Sandunan asibiti ne, Inna. Da su zan riƙa takawa."

"Sandunan guragu dai. Kai gurgu ne? Haka kawai mutum ya riƙa kiran abu da hannunsa."

Kafin in gama gyara zama ta sa an cilla su kan rufin kicin. Ta shimfiɗa ni, ta tokare ƙafar da matasai ta dama da ta hagu, ta ja bargo ta rufe ni har wuya, a watan da ƙadangare ma ke neman inuwa.

Ba zan ce Inna ba ta da hujja ba. A garinmu in ƙashi ya karye, mai ɗori zai jera karare ya ɗaure, ya ce kada a motsa, kuma wanda ya motsa shi ke tashi da karkatacciyar ƙafa. Da wannan ilimi ta taho, kuma daidai ne ga karaya. Ni kuwa ba karaya gare ni ba, ƙarfe gare ni. Na yi mata bayani da safe, na yi da rana, na yi da misali, na yi da rantsuwa. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Likitan nan yana da uwa kuwa?"

To, da Inna ce kaɗai da na san yadda zan yi. Tana shiga wanka ko ta tayar da salla, sai in zuro ƙafa ƙasa in fara gwada lanƙwasawa. Abin da ya gama da ni shi ne dubiya.

Kun san dokar dubiya, duk da ba wanda ya taɓa faɗinta da baki: majinyaci a kwance ake tarar da shi. Da zarar na dafa bango na miƙe, zufa na zuba, na samu gwiwar ta ɗan fara sauraron magana, sai ka ji sallama daga ƙofa. Inna za ta faɗo ɗakin kamar an harbo ta.

"Kwanta, kwanta. Mutane su taso tun daga Mahuta su tarar da kai a tsaye kamar mai gadi? Su ce me? Su ce ƙarya muka yi musu?"

Sai a mayar da ni, a ja bargo, a ce in ɗan rage fara'a. Su shigo su jeru a tabarma. Sannu. Yauwa. Ya jiki. Da sauƙi. Allah ya ƙara sauƙi. Amin. Sai a yi shiru ana kallona. Can wani ya nisa ya ce sannu, a sake ɗaukowa daga farko. Kafin waɗannan su tashi wasu sun yi sallama. 'Yan sashenmu na masaƙa, 'yan masallaci, matan cocin abokina, dangin matata, mutanen garinmu mazauna Kaduna, da wasu da har yau ban san su ba, ina zaton hanya ce ta biyo da su suka ga takalma a ƙofa. Na rantse akwai ranar da aka yi mini sannu fiye da yawan mutanen Makera.

Kuma kowa da iliminsa game da ƙarfe. Wani ya ce in damina ta faɗi kada in kuskura in fita, tsawa ƙarfe take nema. Wata ta ce kada ruwa ya taɓa wurin, tsatsa zai yi daga ciki, aka kuwa hana ƙafar wanka. Wani dattijo ya kawo mini man keken ɗinki a 'yar kwalba. Wani malami ya zauna a gabana, ina raye ina kallonsa, yana tattauna ko za a ciro ƙarfen kafin a binne ni ko da shi za a rufe. Kawuna da ya tsallako gada daga Unguwar Sanusi kuwa gwaji ya zo yi. Ya ɗaga bargo, ya ƙwanƙwasa gwiwar da zobensa, ya kara kunne. Na ga taurari da rana tsaka. Ya ɗago ya ce, "Ba ta ƙara. Anya ba a cuce ku ba?"

Duk cikinsu ba wanda ya ce mini tashi. Kowa in zai fita sai ya waiwayo ya ce, "Ka dai kwanta ka huta, kada ka matsa wa kanka." Inna ta ce, "Ku gaya masa dai."

Ga abinci. Inna ta yi imani ƙafar saniya ce abincin mai ciwon ƙafa. Farfesu da safe, farfesu da rana, farfesu da dare. Na tabbata a shekarar nan akwai garke guda da ke jan ciki a wani daji saboda ni. Na yi ƙiba, na yi haske, kumatu suka fito. 'Yan dubiya suna cewa jiki ya yi kyau. Gwiwa kuwa kullum ƙara taurin kai take.

Matata tana gani, ta kuma ji abin da likita ya ce, don tana wurin. Amma yarinya ce a gaban suruka. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta ce, "Inna, ai likita cewa ya yi ya riƙa..." Inna ta dube ta ta ce, "'Yar nan, kin gaji da jinyar ne?" Shi ke nan. Ta koma kicin ta yi kukanta a gaban tukunyar farfesu.

Da lokacin komawa ya yi, aka ɗauke ni a tasi zuwa sashen gashin ƙashi na wani asibiti a cikin gari, inda aka ce in riƙa zuwa ana dubawa. Wata ma'aikaciya ce doguwa mai tabarau. Ta kwantar da ni, ta kama dunduniyata ta tura. Gwiwar ta ɗan rusuna kamar mai gaida wanda ta raina, ta tsaya. Ta ƙara turawa. Na saki ƙarar da na tabbata an ji ta a tashar jirgin ƙasa.

Ta cire tabarau ta ce, "Malam, kai malalaci ne."

Ni. Ni da nake tsayuwa a gaban tukunyar rini tun safe har yamma. Ni da nake satar miƙewa a ɗakina kamar ɓarawo. Na buɗe baki zan kare kaina, sai ga Inna ta banko ƙofa, ta ji ihu daga benci.

"Ke, ba ki da ɗa ne? Mutum da ciwo ki kama shi kina murɗawa kamar wanki?"

Ma'aikaciyar ta dubi Inna, ta dube ni, na ga ta gane komai. Ta ce, "Mama, ki saurara da kyau. In ya dawo ba ta lanƙwasu yadda zai zauna a kujera ya sauke ƙafarsa ƙasa ba, za a mayar da shi ɗakin tiyata, a sa shi barci, a lanƙwasa ta da ƙarfin tsiya. Shi ma ba tabbas. In ya ƙi, haka zai ja ta har tsufansa."

Na ce alhamdu lillahi, yau Inna ta ji da kunnenta. Muna shiga tasi ta ce, "Ka ga yadda ta kumbura maka ƙafa ko? Sai ka yi kwanciyar gaske kafin wannan ta saɓe." Aka ƙara mini matashi.

A ranar na san in ban yi wani abu ba, ƙauna za ta gurgunta ni. Ba maganar ado ba ce. Mai miƙaƙƙiyar ƙafa ba ya hawa babur, ba ya hawa matakalar injin rini, ba ya tsuguno. Masaƙa kuwa ba gidan marayu ba ce, ga matasa a bakin ƙofa kullum suna jiran gurbi.

Da yamma abokina ya biyo kafin ya wuce aiki, don a watan aikin dare yake. Na jira Inna ta fita alwala na jawo shi.

"Mutumina, kwanta mini ciwo."

"Ban gane ba."

"Ka ce ba ka da lafiya. Jininka ne a jikina, Inna ba za ta iya hana ni zuwa duba ka ba. Dole a sauko da sanduna. In na zo gidanka kullum sai ka taya ni lanƙwasa ta. Ai da safe dama a kwance kake kana barci. Bargo kawai za ka ƙara."

Ya sosa kai. "Kai Malam, ƙarya wa Mama? Ni fa dattijon coci nake son zama."

"In na gurgunce a bayanka zan riƙa zuwa aiki."

Ya dubi kumatuna da tumbin da farfesu ya gina, ya ce ya yarda.

Washegari matarsa ta zo da fuskar jimami ta ce maigida na kwance, zazzaɓi. Na yi salati, na yaye bargo, na ce a sauko mini da sanduna, yanzun nan zan tafi Trikania. Inna ta dafe ni da hannu ɗaya.

"Ina za ka? Majinyaci ya je duba majinyaci, wa zai yi wa wani sannu? Yaron da ya ba ɗana jini ai ɗana ne. Ni zan je."

Ta yafa mayafi ta bi matar. Na bi su da kallo, na ce shi ke nan, dabara ta mutu. Sai na ji matata na motsi a tsakar gida. Na leƙa ta taga, na gan ta da gorar shanya tana zunguro sanduna daga kan rufin kicin. Ta shigo da su ta jingine. Ta zaga ta sa kwaɗo a ƙofar falo ta waje, wadda ke kallon titi, don duk ɗan dubiyar da ya zo ya ɗauka an tafi asibiti. Ta dawo ta ƙofar tsakar gida ta danna sakata. Ta ɗaure zani tamau, ta naɗe tawul ta miƙo mini.

"Na mene ne?"

"Na baki. Juya ka kwanta rub da ciki, Malam."

Jama'a, ashe ban san wadda na aura ba. Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da ni, wadda in ta miƙo ruwa sai ta durƙusa, ita ce ta kama dunduniyata da hannun bakanike tana tura ta wajen cinya. Na ciji tawul. Na kira sunan Allah ta hanci. Na tsine wa likita kamar yadda ya ba ni izini, na haɗa da mai motar itace da wanda ya sayar mini da babur. Na tofar da tawul na ce, "Ya isa, ya isa." Ta ce, "Saura kaɗan," ta ƙara dannawa. Har yau ina zargin akwai wasu laifuffukana da ta tara tun ranar ɗaurin aure, a gwiwar nan ta fanshe su. In an gama wannan ta ba ni sanduna, in yi ta kai da kawowa daga gado zuwa ƙofa, muna jin 'yan dubiya na ƙwanƙwasa kwaɗo suna komawa. Ban taɓa jin sauti mai daɗin takun baƙo yana tafiya ba. Kafin azahar sanduna sun koma kan rufi, ni na koma ƙarƙashin bargo, Inna ta dawo ta tarar da ni jiƙe da zufa ta ce, "Ka gani, ciwon ne ke fita."

Haka muka samu safiya bayan safiya, don Inna ta ɗauki jinyar abokina da gaske. Abin da ban lissafa ba shi ne abin da ke faruwa a Trikania. Bawan Allah zai kwana a tsaye gaban inji, ya dawo da sassafe ya faɗa gado, ido bai gama rufuwa ba sai sallamar Inna. Ta duba idonsa ta ga ja, ta ce ciwon shawara ne. Ta dafa masa saiwoyi masu ɗacin da ke sa kare ya yi tuba. Ta tsaya a kansa sai ya shanye. Ta lulluɓe shi da bargo a kan tukunyar sirace. Ta hana shi mai, ta hana shi nama, ta hana shi barcin safe, wai yana ƙara shawara. Labari ya kai coci, matan zumunta suka zo da kayansu iri ɗaya suka kewaye gadon da waƙa. Mutumin da ya shiga ƙarya da ƙoshin lafiya ya fara ramewa da gaske. Inna ta dawo tana girgiza kai tana cewa, "Yaron nan jikin ya ƙi. Gobe zan ƙara masa maɗaci."

Matarsa ta faki ido ta kawo mini saƙo. Ta ce, "Maigida ya ce in gaya maka, jinin da ya ba ka kyauta ne, amma ransa bai ba ka ba. Ka lanƙwasa ƙafar nan ko ka zo jana'iza da sandunanka."

Na ce ta ba shi haƙuri, gwiwa ta fara jin magana. Kuma gaskiya ne. Ranar da na zauna a bakin gado tafin ƙafata ya kusa shafar ƙasa, ni da matata muka tsaya muna kallonsa kamar jariri ya yi haƙori.

Asiri ya tonu ne ranar da aka riƙe su abokina a masaƙa, wanda zai karɓe shi bai zo da wuri ba. Inna ta isa Trikania da tukunyar magani a ka, ta yi kiciɓis da majinyacinta a ƙofar gida yana saukowa daga keke, da kayan aiki, auduga a gashinsa, rabin burodi a bakinsa. Shi ya ba ni labarin daga baya. Ta sauke tukunyar a gabansa, ta juya.

Mu kuwa muna tsakiyar aiki. Inna ta tarar da kwaɗo a ƙofar titi, ta kasa kunne ta ji nishi kamar ana yanka rago da wuƙa marar kaifi. Ta zaga ta tarar da sakata. Ta ƙwala kiran jama'a. Kafin matata ta sauka daga gadon, maza sun ɓalle ƙofa. Suka shigo, da maƙwabta, da wasu 'yan dubiya da suka iso a daidai lokacin da kwanon abinci a hannu. Ga ni rub da ciki, tawul a baki, ga matata riƙe da ƙafata.

Wata mata ta ce, "Innalillahi, kashe shi za ta yi." Wani ya ce dama ya ga alamar yarinyar nan ba ta da imani. Matata ta saki ƙafar ta rufe fuska.

Nan ne abin da na daɗe ina haɗiyewa ya taso. Na tofar da tawul, na jawo sanduna, na miƙe a gabansu. Ban taɓa ɗaga murya a gaban Inna ba, ranar ma ba ita na kalla ba, su na kalla.

Na ce, "Ita ce marar imani? Duk cikinku ita kaɗai ta taimake ni. Kun zo kun cika mini ɗaki, kun yi mini sannu har kunnena ya yi kanta, kun ƙwanƙwasa ni kamar tulu a kasuwa, kun shirya yadda za a binne ni. Akwai wanda ya taɓa tambaya me likita ya ce? In ƙafar nan ta sandare aka sallame ni daga aiki, wa zai ɗauke ni a cikinku? Sannu za ku zo ku ƙara yi mini. To na gode, na ƙoshi. Wanda ya zo dubiya ga ni a tsaye, ya duba."

Na koma bakin gado na zauna, na ja ƙafar a hankali, ina jin kamar ana zare mini jijiya, har tafin ya sauka a siminti. Mai kwanon abinci ya ajiye shi a hankali ya ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi," suka fice ɗaya bayan ɗaya. Wasunsu sun yi shekara ba su gaishe ni ba.

Inna ta zauna a tabarma ta daɗe tana kallon ƙafar. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kai in ka yi ihun nan a bakinka yake fita. Ni a cikina yake sauka."

Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ba matata haƙuri ba. Amma washegari da safe ta yafa mayafi ta ce za ta je Trikania gaida mutane. Ta san lafiyarsa ƙalau, mun san ta sani. Haka ta riƙa fita kullum, ta zauna suna tsinar shinkafa da matar abokina har azahar, don kada ta ji ihuna. Sanduna ba su sake hawa rufi ba. Abokina dai sai da ta sa ya shanye tukunyar nan ta ƙarshe, wai ta maƙaryata ce.

Da na koma asibiti ma'aikaciyar nan ta tura, ta ƙara turawa, ta ce na tsira daga tiyata. Sannan ta ce, "Amma ka makara. Abin da ka samu ka samu, sauran ya tafi." Ta yi gaskiya. Na koma aiki, na hau matakala, na sake hawa babur duk da rantsuwar da na yi cewa na bar shi. Ina zama a kujera kamar kowa. Amma durƙuso da zaman tahiya sun tafi ke nan. Ko da aka sake taɓa ƙarfen bayan shekaru, likitan ya ce abin da ya sandare tun farko ya sandare. Rabin gwiwa na tsira da shi, rabin kuwa 'yan dubiya sun cinye da sannu.

Inna ta rasu tuntuni, Allah ya jiƙanta, kuma ba na riƙe da ita, tsoro ne irin na uwa. Abokina ya zama dattijon cocin da yake so, har yau in ya ga tukunya na tururi sai ya canza hanya. Amma al'adar nan ta mu taru a kan mai ciwo mu danne shi da tausayi, ba mai tambayar abin da zai warkar da shi, har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Mun iya zuwa, mun iya zama, mun iya kawo kwano. Abin da ba mu iya ba shi ne mu ga namu yana shan wuyar da za ta amfane shi mu ƙyale shi. Shi ya sa ni in na je dubiya ba na zama. Ina tsaye zan tambayi abin da likita ya ce, in an ce ya ce a taka, in miƙa hannu in ce bismilla. An sha cewa ba ni da tausayi. Na gode.

Kwanan baya a masallacin unguwarmu, ina ƙarshen sahu inda na saba, ƙafa a miƙe gefe don kada in tokare kowa. Bayan sallama wani matashi mai kirki ya taimaka mini na tashi, ya tambayi abin da ya sami ƙafar. Na ce tsohon aiki ne, tun kafin a haife shi. Ya girgiza kai cike da tausayi ya ce, "Allah sarki Baba. Da ka samu masu kula da kai a lokacin, da ba ta zama haka ba."

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, "Yaro, miƙo mini takalmina kafin in faɗi abin da zai sa in sake alwala."